Keken Injiniya Ya Zo Na Ɗaya

Shekarunsa sun haura arba'in, yana da mata da 'yan biyu, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunne, amma har yau babu mai kiransa da wani suna a danginsu sai Auta. A asibitin da yake aiki, a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, shi ne mai ce wa manyan mutane "ja numfashi, riƙe, kar ka motsa," su kuma bi ba musu. Da ya cire farar riga ya shiga gidan yayarsa kuwa, sai ya koma yaron da ake aike ya ɗauko kujera. Abin bai taɓa damunsa sosai ba, sai da keke ya shigo cikin maganar.

Mijin yayar tasa ne ya ja shi cikin harkar. Injiniya ake ce masa, mutum ne mai jiki, mai fara'a, mai sakin hannu, sai dai bakinsa ba ya gajiya da ba da labarin abin da hannun ya saki. Shi ya kai Auta ƙungiyarsu, ta wasu ma'aikata da 'yan kasuwa da ke haɗuwa da sassafe a bakin babban titi. Abin da suke shirya wa kansu gasa ce mai zango uku da suke kira duwatalon: a yi gudu da ƙafa, a hau keke a yi tafiya mai nisa, a sauka a sake gudu da ƙafafun da suka riga suka zama kamar na aro. Babu mai cin abinci da ita. Wanda ya yi nasara ɗan kofi yake samu da ciwon gwiwa, amma in ka ga yadda suka ɗauki abin da zafi sai ka rantse albashi ake biyansu.

Ƙungiyar tana da wani tsari nata. Idan mutum ya sayi sabon abu ya ɗaura wa kekensa, ba ya sayar da tsohon, sai ya miƙa wa wanda kekensa bai kai nasa ba. Gado suke ce wa wannan. Wanda ya ci gado ba ya biyan ko sisi, abin da ke kansa shi ne ya tare wa mai kyautar iska. Wato in an fita atisaye shi zai shiga gaba ya sa ƙirji, mai kyautar ya laɓe a bayansa, yana tafiya cikin sauƙi kamar ana jansa da igiya. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iska ya san wannan ba ƙaramin biya ba ne. Sirdi 'yan makonni ne, wili kuwa, wato ƙafar keke, sai a kwashe watanni.

To, Injiniya Allah ya jarrabce shi da ciwon saye. In aka ce masa wani sirdi ya fi nasa rashin nauyi da abin da bai kai cokalin shayi ba, ba zai samu sukuni ba sai an kawo masa, alhali tumbin da yake ɗorawa a kan sirdin bai ragu da komai ba. Saboda haka gado ya yi ta zubo wa Auta ba ƙaƙƙautawa. Yau sirdi, gobe feda irin wadda takalmi ke maƙalewa a jikinta, jibi giyar sauya gudu, gata kan keke mai ƙahonni biyu da ake kifa hannu a kai. Kafin ya gama tare iskar wannan, wani ya iso. Shekara biyu Auta bai san yadda bayan wani yake a kan titi ba. Kullum shi ne a gaba, baki buɗe, hayaƙin manyan motoci a fuska, Injiniya na bayansa yana ba na gefensa labarin kwangila, can ya ɗaga murya ya ce, "Auta, ƙara wuta mana, barci kake?"

Auta bai taɓa zillewa ba, don abin ya shiga ransa fiye da yadda ya shiga ran wanda ya kawo shi. Lokacin hutu a asibiti, wasu na shan shayi shi yana hawa da sauka a matakalar baya. A gida yakan jera takalman gudu da na keke a barandar ɗaki yana koyon sauyawa da sauri, 'yan biyu na yi masa ihu, har matarsa ta ce in maƙwabta suka tambaya ita ba ta san shi ba. Farkon samun fedar nan mai maƙale takalmi, ya taɓa tsayawa a fitilar hanya ya manta ƙafarsa a ɗaure take, ya faɗi a hankali, shi da keke, a gaban bas cike da mutane. Da kansa ya ɗauki hoton wuyan hannunsa ranar, washegari kuma ya fito da bandeji ya shiga gaba.

Mutum ba ya shekara biyu yana ture iska a banza. Saura mako biyu babbar gasa, ƙungiya ta shirya gwaji a tsakaninta, da dokokin gasar sosai, ciki har da dokar da ta hana kowa laɓewa a bayan wani. Ranar Auta ya waiga a kan keke bai ga kowa ba. Ya sake waigawa a gudun ƙarshe, nan ma titi fayau. Shi ya fara isowa, ya zauna a gefen kwalbati yana haki yana dariya shi kaɗai, don tunda yake bai taɓa zuwa na ɗaya a komai ba. Ya sha ruwa ya huce, ya miƙe ya sassauta jiki, sannan Injiniya ya ɓullo yana jan ƙafa.

Daɗin bai kai yamma ba. Yana buɗe waya ya ga an saka hoto a zauren ƙungiya. Ba hotonsa ba ne, hoton kekensa ne jingine da bango, shi ko gwiwarsa ba ta fito ba. A ƙasa Injiniya ya rubuta: "Keken Injiniya ya zo na ɗaya." Mutane suka yi ta turo dariya, wani ya ce a ba keken kofi. Auta ya kife wayar a kan gado, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya ce wa kansa wasa ne, ya haɗiye.

Ƙarshen makon aka yi cin abincin rana a gidan Yaya, da wasu abokan aikin Injiniya. Auta ya zo a kan keke, ya jingine shi a bakin falo. Ba a gama wanke hannu ba Injiniya ya tashi baƙin nan, ya kai su gaban keken kamar mai nuna fili.

"Kun ga wannan? Shi ne zakaran. Sirdin nan nawa ne. Giyar nan ni na yi odarta, ko wata uku ban yi da ita ba. Wilin nan kuwa, ɗaga ka ji, da ɗan yatsa ɗaya ma za ka iya." Ya buga sirdin da tafin hannu. "Irin wannan keke ko wa ka ɗora a kai shi zai kai shi. Yayarsa ma in ta hau sai ta ciyo mana kofi."

Baƙi suka yi dariya. Wani ya ɗaga keken yana jinjina kai, babu wanda ya kalli mai keken, wanda ke tsaye riƙe da kujerun da aka aike shi ya ɗauko.

Auta ya ajiye kujerun. Ya ce, "Injiniya, naka da ya fi wannan komai da komai, shi na nawa ya zo?"

Injiniya ya ɗan yi tari, ya ce ranar cikinsa ne ya ɓaci, ya bi da dariya mai ƙarfi don a taya shi. Daga ƙofar kicin Yaya ta watso wa Auta wani kallo, ta ce, "Auta, zo ka kama min tire."

Yana shiga ta turo ƙofa. "Wace irin magana ce wannan a gaban baƙi? Wasa fa yake maka, ai tsakaninku ne."

"Yaya, wannan ba wasa ba ne, gori ne."

"Gori? Mutumin da bai taɓa sayen abu bai tuna da kai ba?"

"Ai ba a banza na karɓa ba. Duk abin da ke jikin keken nan na biya."

"Da me ka biya?"

"Da ƙirjina. Shekara biyu ina tare masa iska."

Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa, sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Iska? Ashe ana biya da iska ban sani ba! To gobe in na je kasuwa sai in hura musu in ɗauko kayana. Ɗauki tiren nan, don Allah, kar abinci ya huce."

Ya ɗauki tiren ya kai. Ya zauna ya ci abin da ya iya ci, bai ji ɗanɗanon komai ba. Ba kofi yake nema a wurinsu ba, ba kuma kirari ba. Mutum ɗaya kawai yake so a gidan nan ya buɗe baki ya ce Auta ne ya zo na ɗaya, kuma keken nasa ne. Har aka watse ba a samu ba.

Saura 'yan kwanaki gasa, yana tsakiyar aiki, ya gyara wa wani dattijo tsayuwa a gaban na'ura ke nan, sai ya ji murya ta cika wurin jira. Ya leƙo. Injiniya ne tsaye a tsakiyar marasa lafiya, wili ɗaya a kowane hannu, baƙaƙe masu faɗin baki, ya ɗaga su sama kamar wanda ya kamo kifi.

"Auta! Gado ya iso. Nawa sababbi sun zo jiya, waɗannan ko ƙwarzane babu. Ka ɗaura su ranar Lahadi mu ciyo kofin nan."

Kalmar "mu" ce ta fi komai ƙona masa rai. Ya fito ya rage murya, don wurin aikinsa ne. "Na gode, Injiniya. Ba na buƙata."

"Kai, ba a mayar da gado. Iskar ma zan yi maka ragi, wata biyu kawai." Ya jingine su a bayan ƙofar ɗakin hoto, ya dafa kafaɗar Auta, ya gaisa da kowa da kowa a kan benci, ya fice yana amsa waya.

Wata tsohuwa da hannunta ke rataye a wuya ta bi shi da kallo ta ce, "Allah ya yi wa bawan Allahn nan albarka. Kai kuma ɗana, ai ka yi godiya da kyau, irin waɗannan mutane sun yi ƙaranci."

Auta ya koma ciki ya ce wa dattijon ya ja numfashi ya riƙe. Sai da na'ura ta yi ƙara sannan ya lura shi ma nasa numfashin a riƙe yake. Wunin ranar duk wanda ya buɗe ƙofa sai wilin nan sun zame sun faɗi, shi kuma ya sunkuya ya tayar da su.

Ranar Asabar bayan azahar ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a baranda, ya kifa keken, ya ɗauko akwatin sufanu. Matarsa ta fito da kwandon wanki ta tsaya.

"Baban 'yan biyu, me kake yi haka? Gobe ne fa."

"Na sani."

"To gyara kake yi ko ɓarna?"

"Kayan mutane zan mayar musu."

Ta ga fuskarsa, ta wuce wurin shanya. Ya fara da sirdi. Ya kwance feda, ya zare sarƙa, ya cire giya da wayoyinta, ya sauke kan keken mai ƙahonni. Kowanne sai ya goge shi tas da tsumma kafin ya sa a kwali, don kar a ce ya mayar da kaya da datti. Yana kwancewa yana tuna titin da ya biya kowanne a kai: wannan hawan gadar nan ne lokacin ruwan sama, wannan doguwar hanyar bayan masana'antu ce inda iska ke dukan mutum kamar da gayya. Har marfin bakin taya sai da ya tsaya ya yi tunani, ya tuna daga aljihun Injiniya ya fito, ya jefa a kwali.

Da ya gama, abin da ya rage a kan jarida firam ne kawai, gangar jikin keken, shuɗi, da ƙwarzane a gefe. Ya ɗauke shi ya ɗora a cinya, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Wannan kam nasa ne. Da guminsa ya saye shi a shagon makanikin ƙungiya, bayan ya daɗe yana tari, kuma ya same shi da araha don ya iya ciniki. Ya yanke shawara: zai ajiye wa Injiniya kayansa, ya wuce shagon makaniki a ɗaura masa ko wane irin tarkace, wilin ƙarfe, sirdi mai tsatsa, duk abin da aka samu. In ma na ƙarshe zai zo gobe, ya zo a kan nasa.

Ya tari tasi, kwali da wili a bayan mota, firam a kafaɗa. Injiniya ba ya gida, Yaya ce ta buɗe ƙofa. Ta kalli kwalin, ta kalli wilin da ya jera a jikin bango, ta kalli ƙaninta.

"Mene ne wannan?"

"Kayan mijinki ne. Ki ce masa na gode. A duba, babu abin da ya ɓata."

"Auta, kanka ɗaya kuwa? Mutum ya yi maka alheri ka kwaso ka zube masa a ƙofar gida kamar shara? Haka aka tarbiyyantar da mu?"

"Alherin da za a bi ni da shi har wurin aikina ana shela, na yafe. Gobe kowa zai gani, da abina zan fita." Ya daki firam ɗin da ke kafaɗarsa. "Wannan dai ba wanda zai zagaya da baƙi ya ce nasa ne."

Ran Yaya ya riga ya ɓaci, kuma ita in ranta ya ɓaci bakinta ba ya jiran kanta. "Wannan ɗin? Wa ka ɗauka ya kai shi shagon? Daga sama ya faɗo? Nasa ne na farko, tun kafin ka san ana hawa keke da takalmi na musamman. Shi ya sa aka sake masa fenti, ya ce wa makaniki ya karɓi duk abin da ka miƙa, don ya san in ya ba ka kai tsaye girman kai ba zai bar ka ka karɓa ba. Ciniki! Kai har ka iya ciniki?"

Tana rufe baki ta san ta yi ɓarna, ta kai hannu ta toshe shi, amma magana ta riga ta fita.

Auta ya tsaya kamar an dasa shi. Ya tuna yadda makanikin bai ja ba ko kaɗan, yana ta kallon wani wuri yana goge hannu. Abin da ya fi wannan ciwo, ya tuna sau nawa ya zauna a falon nan yana ba Injiniya labarin yadda ya yi wa makaniki wayo, Injiniya na gyaɗa kai yana cewa, "Kai, Auta, ba ka da dama." Mutumin da ba ya iya riƙe labarin marfin taya ya riƙe wannan shekara biyu, yana kallonsa yana cika baki. Auta ya rasa ma da wanne zai ji, kyautar da aka yi ta shela ko wadda aka ɓoye.

Ya sauke firam ɗin a hankali, ya jingine shi a kan kwalin.

"Auta, tsaya mana. Ba haka nake nufi ba. Shigo ka sha ruwa."

"A haɗa da wannan," ya ce, ya juya. Bai tari tasi ba, da ƙafa ya koma gida.

Da safe matarsa ta ga yana maƙala lambar gasa a ƙirjin riga, ta ce, "Ina za ka ba keke?"

"Zangon farko gudu ne. Shi ba a gadonsa."

Ya riga ya tsara abin da zai yi. Zai yi gudun farko da duk abin da ke jikinsa, ya riga 'yan ƙungiya shiga shingen da ake rataye kekuna, ya je ya tsaya a gurbinsa da babu komai, ya harɗe hannu. Duk wanda ya shigo zai gan shi. In Injiniya ya iso yana haki, sai ya tambaye shi a gaban kowa, yau kuma keken wa ya riga shi. Daga nan ya cire lamba ya tafi gida. Ya san shekara biyu zai zubar a wurin, kuma abin yana yi masa ciwo har cikin ƙashi, amma ya gwammace haka.

Da gangan ya makara. Bai bi ta wajen shingen ba, bai nemi 'yan ƙungiya ba, ya shige cikin taron masu gasa ta baya ana gab da busa usur. Da aka busa kuwa ya fita kamar wanda aka biyo. Ya wuce Injiniya tun kafin kwanar farko, ya ji yana kiran sunansa, bai waiga ba. Ya wuce na ƙungiyarsu ɗaya bayan ɗaya, ya wuce wasu samarin da ya girme su nesa ba kusa ba. Bai tanadi komai don zango na gaba ba, tunda a saninsa babu zango na gaba. Yana cikin 'yan ƙalilan na farko da suka shiga shingen.

Ya bi layin ƙarfen da aka rataye kekuna yana duba lambobi, ya iso gurbinsa, ya ja ya tsaya.

Keken yana nan. Shuɗin firam ɗin, sirdin, giyar, kan mai ƙahonni, an mayar da komai inda yake, an wanke sarƙa an sa mata mai tana ƙyalli. An ɗaura masa baƙaƙen wilin nan masu faɗin baki. An manna lambarsa a jiki, ga hular kwano a rataye, ga takalmin keke an buɗe bakinsa an ajiye daidai yadda yake ajiyewa. Wato Injiniya ya kwashi kwalin ya kai wa makaniki, ya tsaya a kansa har aka haɗa, ya kawo da asuba ya rataye, bai ji komai ba a duk abin da aka yi jiya. An mayar masa da kayansa don ya ji zafi, shi kuma ya ɗauka aikin gyara aka kawo masa.

Auta ya ji kamar ya kurma ihu. Ko fushin ma ba za a bar masa ya yi nasa ba. Tsayuwar da ya tsara ta lalace, don wanda ya harɗe hannu a gaban gurbi fayau daban, wanda ya harɗe hannu a gaban keke shiryayye kuma mahaukaci za a ce masa. Ta kowane gefe mutane na shigowa da gudu, su fizgi kekuna, su fice. Wanda Auta ya wuce a kwanar ƙarshe ya zo ya ɗauki nasa ya tafi. Wani ma ya tafi. Ƙafafunsa dai sun san abin da ke biyo bayan gudu kuma shi suke jira.

Wata alƙaliyar gasa mai riga ruwan ɗorawa da usur a wuya ta taho da sauri.

"Malam, ka tare hanya. Lafiya? Keken nan naka ne ko ba naka ba ne?"

Ta saman shinge ya hango Injiniya can baya, cikin 'yan ƙarshe, riga ta jiƙe sharkaf, yana gudun da bai fi tafiya ba. Shi ma ya hango Auta. Maimakon ya ji da kansa, sai ya ɗaga hannu biyu yana yi masa alamar ya hau, ya hau, fuskarsa cike da murna tsakani da Allah, har yana taɓo wani ɗan kallo yana nuna masa keken.

"Malam, da kai nake. In ba naka ba ne ka fita daga shingen. Naka ne?"

Babu wanda zai amsa masa wannan tambaya. Yaya ba za ta amsa ba, ƙungiya ba za ta amsa ba, wancan mai ɗaga hannun kuwa har abada. Hawayen takaici suka cika masa ido.

"Nawa ne!" ya ce, da ƙarfin da sai da matar ta ja da baya. "Nawa ne, na biya!"

"To wa ya ce ba ka biya ba? Ɗauka ka tafi mana."

Ya zura takalmin, ya danna hular a kai, ya fizge keken daga ƙarfen ya tura shi da gudu zuwa bakin layi. Ya haye, feda ta kama takalmi ƙaras, ya kifa hannu a kan ƙahonnin. Ya san sarai abin da ya ɗauko wa kansa: wata biyu cur a gaba, da muryar nan a bayansa. Ya danna feda da dukan haushin da ke cikinsa, yana zagin iska, yana zagin makaniki, yana zagin kansa. Wilin kuwa, abin takaici, sun fi na da gudu.